Hoton ɗanka: wa ka ba, kuma ina aka ajiye shi?

Daga watan Oktoba, da zarar an koma lakwal, hotunan yaranmu kan fara yawo daga waya zuwa waya. Direkta na neman hoton kowane ɗalibi domin a yi masa kati. Malamin aji na ɗaukar hoton takardar maki kafin ya mayar da ita ofis. Uwa na ɗaukar hoton takardar haihuwar ɗiyarta domin a haɗa mata dosiyen BEPC. A birane kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tahoua kuma an fara samun makarantu, musamman masu zaman kansu, da ke ce wa iyaye su sauke wata manhaja, wadda muka fi kira aplikasiyon, su sa hoton yaro a ciki domin su riƙa bin sakamakonsa. Malamai da kansu suna amfani da manhajojin rajistar aji, da na ɗaukar hoton takardu, da na haɗa darasi.

Duk wannan ba laifi ba ne, sauƙi ne ya zo mana. Abin da ke damuna shi ne tambayoyi biyu da ba kasafai ake yi ba. Lokacin da na zaɓi hoto ɗaya na ba manhaja, shi kaɗai ta gani ko duk abin da ke cikin wayata? Kuma bayan ta karɓa, ina ta kai shi?

Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk manhajar da za a sa wa hoton yaro, ya kamata ta karɓi hoton da aka zaɓa mata kaɗai, ta ajiye shi cikin rumbun wayar mai shi, kada ta fitar da shi zuwa intanet sai mai wayar ya sani kuma ya yarda. Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Zan zo kansu. Amma kafin nan bari mu fahimci yadda abin ke gudana, domin wanda bai san hanya ba ba ya gane an kauce masa.

Miƙa hoto ɗaya, da miƙa makullin ɗaki

Hanya biyu ce manhaja ke bi ta samu hoto daga wayarka. Ta farko, ta nemi izinin shiga hotunanka gaba ɗaya. Wani ɗan rubutu zai fito da faransanci ko turanci, mutum ya danna “Autoriser” cikin gaggawa domin yana son ya wuce. Daga wannan lokaci manhajar na iya karanta duk hoton da ke galeri: na bikin suna, na matarka ba lulluɓi cikin gida, na katin shaidarka, na takardar asibiti da ka ɗauka domin ka nuna wa likita. Ba kowace manhaja ce ke yin mugun aiki da wannan izini ba, amma ƙofar ta riga ta buɗe, kuma muddin kana amfani da manhajar za ta zauna a buɗe har ranar da ka shiga saitin waya ka rufe ta da hannunka.

Hanya ta biyu, wayar ce da kanta ke nuna maka hotunanka, ka taɓa wanda kake so, ta miƙa wa manhajar shi kaɗai. Sauran ba ta gan su ba. Kamar baƙo ne ya yi sallama yana neman aron tabarma: ka shiga ka ɗauko ka ba shi a zaure, ba ka ce ya shiga ɗaki ya duba da kansa ba.

Wannan hanya ta biyu ta daɗe da samuwa. Kamfanin Apple ya sa ta cikin iOS 14 a shekarar 2020, inda mutum ke iya ba manhaja wasu hotuna ya hana ta sauran. Google ya fito da nasa mai zaɓen hoto tare da Android 13 a 2022, aka kuma kai shi ga wayoyi masu Android 11 da 12 ta hanyar sabuntawa. A Android 14, na 2023, ko manhaja ta nemi izinin hotuna duka, kana iya cewa ga waɗanda ka yarda ta gani. Ma'ana da yawa daga cikin Tecno, Itel, Infinix da Samsung da ke hannun malamai a yau suna da wannan dama. Idan manhajar makaranta ta nace sai an buɗe mata galeri duka domin kawai a sa hoton yaro ɗaya, to ko dai wanda ya ƙera ta ya yi kasala, ko yana son abin da bai faɗa ba.

Wanda ke ganin wannan tsoro ne marar tushe ya tuna abin da ya faru a maƙwabciyarmu Najeriya da manhajojin bayar da bashi. Mutum zai sauke manhaja ya ci bashin kuɗi kaɗan, ya ba ta izinin lambobin wayarsa da hotunansa. Da ya yi jinkirin biya, sai a fara aika wa danginsa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci, wani lokaci har da hotonsa. Abin ya yi ƙamari a ƙasashe da dama har Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa hotuna da lambobin mutane daga ƙarshen watan Mayun 2023. Manhajar makaranta ba ta bashi ba ce, amma izinin iri ɗaya ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wurare huɗu da hoto ke iya kwana

Zaɓen hoto rabin aiki ne. Lokacin da waya ta miƙa wa manhaja hoton da ka zaɓa, galibi aro ne na ɗan lokaci ta ba ta. Idan manhajar na son ta sake nuna hoton gobe ko wata mai zuwa, dole ta yi wani tanadi. A nan ne masu ƙera manhaja ke rabuwa, kuma kowane zaɓi na da sakamakonsa a kan malami da uba.

Akwai manhajar da ba ta kwafar hoton, adireshinsa kawai take riƙewa, wato inda yake zaune cikin galeri. Wannan ba ta cin wuri. Amma ranar da malami ya share hotunan galeri domin wayarsa ta cika, ko ya cire katin memwar, sai ya buɗe rajista ya tarar da gurbin hoton ɗalibai ba kowa.

Akwai wadda ke kwafar hoton ta sa shi cikin ma'ajiyar wucin gadi da ake kira kash. Wannan wuri an yi shi ne domin abin da ba a damu ba in ya ɓace. Waya na iya share shi da kanta idan wuri ya ƙare, kuma manhajojin “tsabtace waya” da ke zuwa cikin wayoyi da yawa shi suke fara sharewa. Duk wanda ya taɓa danna “Vider le cache” ya zubar da abin da ke ciki. Ajiye hoton takardar haihuwa a nan kamar ajiye hatsi ne a tsakar gida da damina.

Akwai wadda ke kwafar hoton ta sa shi cikin ɗakinta na kanta a rumbun waya. Kowace manhaja na da irin wannan ɗaki, sauran manhajoji ba sa iya leƙa shi, kuma hoton ba ya fitowa a galeri. Tun Android 10 da 11, a 2019 da 2020, Google ya ƙara tsaurara wannan shinge tsakanin manhajoji. Wannan shi ne wuri mafi dacewa da hoton yara. Sai dai yana da aibi guda da ya kamata kowa ya sani: ranar da aka goge manhajar daga waya, ko aka danna “Effacer les données”, duk abin da ke ɗakin ya tafi tare da ita. Malamai da yawa na goge manhaja su sake sauke ta idan ta fara nauyi, ba su san cewa aikin zango guda suke zubarwa ba.

Sai ta huɗu, wadda ke tura hoton kai tsaye zuwa manyan kwamfutocin kamfani ta intanet, a ƙasar da ba ka sani ba, ƙarƙashin dokar da ba ka taɓa karantawa ba. A fuskar waya ba za ka ga bambanci ba. Hoton na nan, yaro na murmushi. Amma kwafinsa ya riga ya fita daga hannunka.

Akwai kuma wani abin da ke tsakani: manhaja na iya ajiye kwafi a cikin jakar hotuna ta kowa da kowa, wadda ke fitowa a galeri. Irin wannan ba ya ɓacewa idan an goge manhajar, amma duk wanda ya karɓi wayar zai gan shi, haka ma duk manhajar da aka ba izinin hotuna. Idan kuma an kunna ajiyar Google Photos ko iCloud, yana iya haurawa intanet ba tare da ka taɓa komai ba. WhatsApp ma haka yake yi idan ba a canja saitinsa ba: hotunan da aka turo a gurup na sauka da kansu su shiga galeri. Shi ya sa za ka ga wayar uba ɗaya na ɗauke da hotunan yaran aji guda, waɗanda bai ma san iyayensu ba.

Me ya sa na fi son rumbun waya

Dalili na farko shi ne rezo. Malamin da aka tura ƙauye a yankin Dakoro, Tanut ko Abalak ya san yadda ake hawa tudu ana neman sandar rezo ɗaya. Manhajar da ba ta nuna hoton ɗalibi sai ta je intanet ta ɗauko shi, ba ta da amfani a ajin da ba rezo. Wadda ta ajiye cikin waya kuwa tana aiki ko a ina, da rana ko da dare, ko da kiredi ya ƙare. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Dalili na biyu kuɗi ne. Hoto ɗaya daga kamarar waya kan kai mega 2 zuwa 5. Mu ɗauki mega 3. Aji mai ɗalibai 60 ya ci mega 180 domin a tura hoton fuska kaɗai, ban da takardun haihuwa da na maki. Wa ke biyan wannan? Malamin da ke sayen kiredi daga albashinsa, ko uban da ke lissafin dala kafin ya sayi forfe. Mai ƙera manhaja da ya san aikinsa yana iya rage nauyin hoton ya dawo kimanin kashi ɗaya cikin biyar na mega, fuska ta fito sarai, hotunan aji duka su tsaya a mega 12 cikin waya, ba a kashe ko dala ba.

Dalili na uku shi ne alkawarin kamfani ba ya dawwama. Shekaru da dama Google Photos na ba mutane damar ajiye hotuna kyauta ba iyaka. Daga 1 ga watan Yunin 2021 aka daina, komai ya koma cikin jiga 15 da ake rabawa da Gmail da Drive, wanda ya wuce haka sai ya biya. Wannan babban kamfani ke nan, mai ba da sanarwa tun watanni kafin lokaci. Ƙaramin kamfanin da ya ƙera manhajar makarantarku fa? Idan ya rufe, ko ya kasa biyan hayar kwamfutocin da yake ajiya, ko wani ya saye shi, hotunan na iya ɓacewa, ko su koma hannun da ba ku taɓa yin magana da shi ba. Kayan aro ba ya rufe katara.

Dalili na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi a wurina, shi ne hoto ba fuska kaɗai yake ɗauke da ita ba. A cikin hoton akwai bayanan da ido ba ya gani: ranar da aka ɗauka, lokaci, irin wayar, kuma idan an kunna wa kamara gane wuri, har da daidai inda aka tsaya. Hoton yarinya da aka ɗauka a tsakar gida na iya nuna wa mai ilimin abin inda gidan yake. WhatsApp na cire irin waɗannan bayanai idan an tura hoto a matsayin hoto, amma idan an tura shi a matsayin takarda suna tafiya tare da shi, kuma ba kowace manhaja ce ke damuwa ta cire su ba. Haɗa wannan da sunan yaro, ajinsa, makarantarsa da ranar haihuwarsa, ka ga abin da aka tara wuri ɗaya. Idan waya ɗaya ta faɗa hannun ɓatagari, aji ɗaya ne ya shiga haɗari. Idan aka fasa rumbun kamfanin da ke riƙe da na makarantu ɗari, yara dubbai ne a dare ɗaya. Hoton da ya shiga intanet kuwa kamar magana ne, zarar bunu.

Ba mu rasa doka a kan wannan ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka sabunta ta a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP da aka ɗora wa alhakin sa ido. Tun 2019 akwai dokar yaƙi da laifukan intanet. Ƙa'idar irin waɗannan dokoki a ko'ina ita ce: a karɓi bayanin mutum domin wata manufa da aka bayyana masa, kada a karɓi fiye da buƙata, kada a yi wani abin dabam da shi. Hoton da ake gane mutum a ciki yana cikin bayanansa. Yaro ɗan shekara bakwai ba shi da bakin cewa ya yarda ko bai yarda ba, iyayensa ne ke magana a madadinsa, malami kuma amana aka ba shi. Amma doka a takarda ba ta shiga wayar kowa ta gyara saiti. Mu ne za mu yi.

Hujjar masu ja

Wani zai ce: malam, waya na ɓacewa. Ana sata a kasuwa da tasha, tana faɗawa ruwa, zafin watan Afrilu na kumbura batir, yaro na jefar da ita. Idan komai na cikin waya, ranar da ta tafi an yi asarar aikin shekara. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya ƙi ta yana yaudarar kansa. Amma maganinta shi ne kwafi na biyu da mai abin ya san da shi. Manhaja ta gari ta ba da hanyar fitar da duk hotuna da bayanai cikin ƙunshi ɗaya mai kalmar sirri, a sa shi a katin memwar, ko a kwamfutar direkta, ko a tura wa wayar mataimaki ta Bluetooth ba tare da intanet ba. Wanda yake son ajiya a intanet ma a ba shi dama, amma ya zama shi ya kunna da hannunsa bayan an yi masa bayani cikin harshen da yake ji. Abin da nake ƙi shi ne a yanke masa hukunci a ɓoye.

Wani kuma zai ce: waya a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Maigida zai ajiye, uwargida ta ɗauka ta kira danginta, yara su karɓa su kalli bidiyo, maƙwabci ya ara. A kai ta wurin caji a bar ta yini guda. In ta lalace a kai rumfar mai gyara, ya ce a ba shi lambar buɗewa. To ina sirrin? Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ce ta sa na ce ɗakin manhaja na kanta ya fi galeri. Hoton da ke galeri, duk mai riƙe da waya na iya tura shi cikin daƙiƙa biyu. Wanda ke cikin ɗakin manhaja, idan an sa wa manhajar makulli nata dabam, sai an yi da gaske. Yawancin masu gyaran waya mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma ba ka da hanyar sanin wanda ba haka ba tun kafin ka miƙa. Cire katin memwar kafin ka ba da waya gyara ba zargi ba ne, tsari ne.

Hujja ta uku ta direktoci ce: idan hotuna na warwatse cikin wayoyin malamai, yaya makaranta za ta haɗa bayananta? Malami zai samu canjin wurin aiki ya tafi da wayarsa. A nan na yarda cewa makaranta na buƙatar rumbu ɗaya nata. Amma rumbun ya zama na makarantar, a san wanda ke riƙe da makullinsa, a san ranar da za a share hoton ɗalibin da ya gama ko ya bar makarantar. Malamin da zai tafi ya miƙa kwafi, ya share nasa a gaban direkta, kamar yadda yake miƙa rajistar takarda da makullin aji. Ya kuma tuna cewa a yawancin wayoyi hoton da aka goge na zama cikin kwandon shara kimanin kwana 30 kafin ya tafi, sai an shiga can an sake gogewa.

Ban ce ajiya cikin waya ba ta da haɗari ba. Cewa na yi haɗarinta irin wanda muke gani ne da idonmu, muna iya ɗaukar mataki a kansa. Satar waya ka san ranar da ta faru. Kwafin da ya fita ta intanet ba ka san ya fita ba, balle ka bi sawunsa.

Abin da ya rage gare mu

Ga direktoci da kwamitocin kula da makarantu, wato CGDES, da ƙungiyoyin iyayen yara: kafin ku ce wa iyaye su sauke wata manhaja, ku zaunar da wanda ya kawo ta ku yi masa tambayoyi a gaban jama'a. Tana neman izinin hotuna duka ko wanda aka zaɓa? Ina hoton ke zama? Tana aiki ba intanet? In an goge ta, me ke faruwa da bayanan? In uba ya ce a share hoton ɗansa, wa zai share, cikin kwana nawa? Wanda ya kasa amsa waɗannan cikin Hausa ko faransanci mai sauƙi, bai cancanci a ba shi hoton ko da yaro ɗaya ba. Kuma a rubuta amsoshin cikin yarjejeniya, domin maganar baki ba ta tsayawa shaida.

Ga malamai: hoton ɗalibi da ke wayarku na aiki ne. Kada ya zauna a galeri ɗaya da na iyali, kada ya hau sitatus. Na san da kyakkyawar niyya ake sa hoton yarinyar da ta zo ta ɗaya domin a ƙarfafa mata gwiwa, amma mahaifinta aka tambaya? Haka hoton yaron da aka kama da laifi, ko wanda ya zo da yagaggen tufafi, da ake turawa gurup domin dariya ko domin “a ga halin da ake ciki”. Yaron zai girma, hoton kuma na nan yana jiransa. Idan abin da kuke son nunawa aikin yaro ne, ku ɗauki hoton littafinsa ku rufe sunan. Wayoyi da yawa na da jaka mai makulli, a cikin Files na Google ko cikin saitin wayar kanta. Ku sa takardun yara a nan.

Ga iyaye: ku ɗauki minti goma yau da dare ku shiga saitin waya, wurin izinin manhajoji, ku duba jerin waɗanda ke da damar ganin hotuna. Za ku yi mamakin abin da za ku tarar: wasannin yara, manhajar tocila, manhajar da aka sauke sau ɗaya aka manta. Ku cire wa duk wadda ba ta da dalili. Ku shiga WhatsApp ku kashe saukar hotuna kai tsaye a gurup na makaranta, ku kashe fitowarsu a galeri, wayar ma za ta samu wuri. Ku kashe wa kamara gane wuri. Wanda bai iya karatun boko ba ya sa ɗansa babba ko malamin da ya amince da shi ya yi masa, yana zaune yana kallo. Kuma idan makaranta ta nemi hoto, ba rashin kunya ba ne ka tambayi me za a yi da shi. Takardar haihuwa da ta maki kuwa, asalinsu na takarda su zauna cikin akwati, hoto mataimaki ne kawai.

Ga matasanmu masu ƙera manhaja, waɗanda ke fitowa daga jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tahoua, da waɗanda suka koya da kansu: kun fi kowane kamfanin waje sanin wayar da ke hannun mushen ƙauye, mai jiga 32 da tuni ta kusa cika. Ku yi amfani da mai zaɓen hoton da waya ta tanada maimakon neman izinin galeri duka. Ku kwafi hoton nan take zuwa ɗakin manhaja, kada ku dogara da adireshin aro, kada ku sa shi a kash. Ku rage masa nauyi, ku cire bayanan wuri. Ku duba ko ajiyar da waya ke yi da kanta ba ta kwashe ɗakin manhajar zuwa intanet ba tare da sanin mai ita ba. Idan aka share ɗalibi daga rajista, hotonsa ma ya tafi, kada ya zauna yana cin wuri. Ku rubuta gargaɗi ƙarara, da Hausa da Zabarmanci idan da hali, cewa goge manhaja na tafiya da hotuna, ku kuma sa maɓallin fitar da kwafi inda ido zai gani. Wannan ba aiki ne mai tsada ba, kwana kaɗan ne ga wanda ya sa kansa. Kuma shi ne zai sa direkta ya zaɓi taku a kan ta waje.

A da, idan mai hoto ya zo makaranta, ya ɗauka ya wanke ya kawo, iyaye kan karɓi hoton su sa cikin akwati, kowa ya san adadin kwafin da ke duniya. Yau ba mu da wannan tabbaci sai mun nema. Yaran ba za su nema wa kansu ba, domin ba su san ana yi ba. A taron iyaye na gaba, kafin a shiga maganar kuɗin tebura da na alli, wani ya ɗaga hannu ya tambayi inda hotunan yaran bara suke.